Ɗan Yumɓu na Monteraso

Monteraso, 9 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga 'yata Delfina, ɗiyar ƙanena marigayi Ulisse, a Amurka.

Gaisuwa irin ta wanda rabonsa da ke tun kina 'yar shekara huɗu. Ina fata kina lafiya, sanyin ƙasar can bai taɓa miki ƙirji ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar innarki Zelinda da ke ƙara kamar ƙofar rumbu, da haƙorina na baya da muka rabu a watan jiya.

Kafin komai ki dubi rubutun nan da kyau. Ba na Fadan cocinmu ba ne, ba na mai kemis ba ne. Nawa ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan an tashi daga matoya, inda muke gasa tukwane, mu tsofaffi bakwai a kan bencin yara, gwiwa na dukan haɓa. A shagon Gaspero yanzu Farfesa suke ce mini. Su yi ta faɗa.

To ga labarin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Iolanda matar ɗana Osvaldo ta haihu! Namiji! Shekara goma sha ɗaya muna jira, 'yata, har na daina kallon cikin matan mutane don kada a ce ina hassada. Ranar Juma'a ina tsaka da jera randunan mai a matoya aka zo aka gaya mini, na bar ƙofar a buɗe na ruga da takalmi ɗaya. An sa masa suna Duilio. Kunnuwansa nawa ne, kowa ya yarda, Zelinda ce kaɗai ta ce Allah ya sa ya girma ya fi ƙarfinsu.

Jiya kuma aka kawo mana Ɗan Yumɓu. Ban sani ba ko mahaifinki ya ba ki labarinsa, shi da ba ya magana sai an matsa. Siffar Yesu ce yana jariri, ta gasasshen yumɓu, tsawonsa kamu biyu. Duk gidan da aka haihu a garin nan can yake kwana, kusa da gadon jariri, har sai wata ta haihu. Ranar da zai tashi, maigidan ya shafa masa sabon fenti, don ba a miƙa shi da rigar da ya zo da ita. Wanda ke da fentin ƙofa ya shafa na ƙofa, wanda ke da na keke ya shafa na keke. Ke ma ya kwana kusa da ke wata uku.

Da yana da uwa. Tana zaune a cocinmu, shi yana kan cinyarta, ana ɗaga shi ana mayarwa. A shekarar da aka haife ni, 1899, rufin coci ya fara zuba, Fadan lokacin ya sayar da ita ga wani dillali daga birnin Firenze. Da aka zo da amalanke ɗan ba ya nan, yana gidanmu, kusa da ni. Dillalin ya bi gida gida yana nema. Da ya shigo ɗakinmu, kakarki ta riga ta naɗe shi da zane ta kwantar da mu tare. Ta ce, “Tagwaye ne, ranka ya daɗe. Wancan nauyin barci gare shi, ya gado ubansa.”

Kin ga ashe ni ɗan tagwaye ne. Yau kuma ga shi kusa da jikana. Hannuna ya gaji amma bakina bai gaji ba.

Baffanki,
Amilcare Taddei, da hannunsa

*

24 ga Oktoba, 1962

Baffa,

Na gaishe ka, na gaida Inna Zelinda, ina yi wa Osvaldo da Iolanda barka. Allah ya raya Duilio, ya bar masa kunnuwan. Ni lafiyata ƙalau. Rubutunka ya fi na likitana kyau, ba zolaya nake yi ba.

Baffa, na karanta wasiƙarka a tsaye, da na kai ƙarshe sai da na nemi kujera. Ka san a gidan adana kayan tarihi nake aiki, ni ke buga katin kowane abu da muke da shi. A ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa akwai wata mace ta gasasshen yumɓu, a zaune, kanta a sunkuye tana kallon cinyarta. Shekara shida ina wuce ta.

Ga abin da takardunta suka ce. Wani dillali a Firenze ya same ta a 1899 daga cocin wani ƙauye da bai rubuta sunansa ba, harafin M kawai ya sa. Ya ce aikin wani babban gwani ne na shekaru ɗari biyar da suka wuce. Daga hannunsa ta tafi Paris, gidan matar wani marigayi mai fataucin sukari. Ita wannan mata ba ta son ganin cinya babu komai, sai ta sa aka ƙera littafi da farar ƙasa aka ɗora. A 1927 wani mai masana'antar ƙarfe ya kawo ta nan, da ya mutu ya bar mana. Shekara ashirin tana babban zaure, mutane na cire hula a gabanta. Sai wani farfesa ya zo daga Jamus, ya dube ta rabin sa'a, ya ce babu gwanin da zai yi hannaye irin waɗannan, ba su riƙe littafin ba, ba su yi addu'a ba, suna rungumar iska. Ya ce jabu ce, dillalin ne ya sa aka yi ta. Aka sauke ta ƙasa. A watan Fabrairu kwamiti zai zauna a fitar da ita, ta tafi wurin masu sayar da kayan adon lambu.

Baffa, hannayen nan ba iska suke runguma ba. Jariri aka ɗauke musu.

Ina neman izininka in nuna wa shugabana, Mista Whitcomb, wasiƙarka. Idan aka tabbatar ɗanta yana nan, sunanta zai wanku. Lokaci ya ƙure, don haka idan ban ji daga gare ka ba zuwa tsakiyar Nuwamba, zan ɗauka ka yarda.

'Yarka,
Delfina

*

Monteraso, 2 ga Nuwamba, 1962

'Yata Delfina,

Muna lafiya, Duilio yana tsotso kamar ɗan maraƙi. Ina fata ke ma haka, wato lafiyar, ba tsotson ba.

Kada ki nuna! Kada ki nuna wa kowa, ko Mista wane ne. Laifina ne, daɗin rubutu ya ɗebe ni na manta ke ba a nan kika girma ba. Shekara sittin da uku babu wanda ya faɗi maganar Ɗan Yumɓu a gaban baƙo. Ko Fadan da aka kawo mana bayan yaƙi sai da ya shekara biyu kafin a gaya masa. Akwai hukumar kayan tarihi a Firenze. Ranar da suka ji, za su zo da mota su ɗauke shi, su sa shi cikin gilashi, su manna masa lamba. Ba ma wurin uwarsa za su kai shi ba, doka ba ta barin irinsa ya fita ƙasa. Kin ga ita ba ta samu ba, mu mun rasa. Haka aka yi wa mutanen ƙetaren kwari da gicciyensu, yanzu sai sun shiga jirgin ƙasa su je su gan shi, ranar Litinin ma a rufe.

Na karanta wa Zelinda wasiƙarki. Ta ajiye ludayi ta ce, “Shekara arba'in da bakinka kake jawo mana magana, yanzu gwamnati ta ƙara maka hannu.”

Na ce, “Ai 'yar ƙanena ce.”

Ta ce, “Ita takardar ma 'yar ƙanenka ce?”

Na ninke takardar na fita. Amma kwana uku ke nan ina tunanin matar nan a ƙarƙashin ƙasa. Akwai taga a ɗakin? Littafi suka ɗora mata! Wa ya gaya musu tana karatu?

Ba zan kai wannan gidan waya tsirara ba, don matar da ke can tana ɗaga ambulan ga hasken taga, kafin azahar garin ya ji. Na cusa ta cikin ƙunshin busasshen ɓaure da Zelinda ta haɗa miki. Wa zai yi zargin ɓaure? Ki ci, na itacen bayan gidanku ne.

Baffanki Amilcare

*

19 ga Nuwamba, 1962

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na jira har na ƙara kwana uku a kai, ban ji komai ba. Na ce ɗiban zaitun ne ya riƙe ka, ko jikanka ya hana ka ɗaukar alƙalami, amma na san da ba ka so da ka faɗa.

Na nuna wa Mista Whitcomb. Na fassara masa kalma kalma, da aka zo wurin tagwaye ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya sauka ƙasa da kansa, ya tsaya a gabanta ya daɗe. A ranar ya rubuta wa hukumar da ke Firenze su tura masani ya duba ɗan, ya auna, ya ɗauki hoto. Ya sa sunanka da na garin don kada su sha wahalar nema.

Baffa, ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan makon ba. Ka shirya, sunan Monteraso zai shiga littafi.

Delfina

*

Monteraso, 5 ga Disamba, 1962

Delfina,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. Jiya na ƙona randuna shida, ni da na shekara hamsin a bakin matoya.

Ɓauren bai iso ba ke nan? Na je gidan waya na tambaya, matar ta ce, “Farfesa, ƙunshi ta jirgin ruwa yake tafiya, wata guda ko fiye. Takarda ce ke hawa jirgin sama. Wani abu ka sa a ciki?” Na juya na fito. A aji an koya mana yadda ake rubuta adireshi, ba a koya mana wannan ba.

Amma ke, wa ya koya miki cewa shirun babba izini ne? A can haka ake yi?

Takardar hukuma ta zo wa Fada ranar Asabar. Wani Dakta Anselmi zai zo ranar goma sha takwas ga wata. Sunana na ciki da manyan baƙaƙe, Fada bai ma sha wahalar ɓoyewa ba. Ranar Lahadi da yamma na shiga shagon Gaspero, masu karta suka juyo gare ni. Sai Gaspero ya ce, “A ba Farfesa kujera. Me za ka sha? Kofi ko tawada?”

Remigio maƙeri ya ce, “Bar shi, ya gaji. Daga nan zuwa Amurka da alƙalami ai tafiya ce.”

Na ce, “Ni murnar jika na yi.”

Ya ce, “Mu ma mun yi jikoki, Amilcare. Giya muka sha muka kwanta a kwata, kamar mutanen kirki.”

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya Nerina ce, ɗiyar Remigio. Cikinta wata takwas. Sau biyu tana haihuwa a asibitin birni, nesa da Ɗan Yumɓu, sau biyu tana dawowa hannu wofi. Wannan karon ta rantse a gida za ta haihu, da shi a gefenta. Ni ban ce yumɓu ke raya yaro ba, ni na san yumɓu, da hannuna nake cuɗa shi. Amma yarinyar nan abin da take riƙe da shi ke nan. Shekaranjiya ta hau tudun gidanmu da wannan ciki, tana haki, ba ta zauna ba. Ta dubi Ɗan Yumɓu kusa da Duilio ta ce, “Baba Amilcare, naka ya samu. Nawa fa?”

Zelinda ta ce mu ɓoye shi a rijiya. Fada ya ce an riga an rubuta yana nan, in aka ɓoye 'yan sanda ne za su zo maimakon Dakta. Remigio ya ce in ƙera wani a matoya mu nuna. Kwana goma sha uku ko bushewa ba zai yi ba, balle a toya.

Ban san abin da zan yi ba. Na rubuta miki ne don ki sani.

Amilcare

*

10 ga Disamba, 1962

Baffa,

Ɓauren ya iso yau. Na buɗe ina murna, na ga takarda ta manne da zaƙi, na karanta. Ban iya cin ko ɗaya ba. Ka gafarce ni. Na roƙi Mista Whitcomb ya janye, ya ce magana ta bar hannunsa.

Amma Baffa, tunda mai zuwa zai zo, ka bar ni in faɗi abu ɗaya, ko da za ka ƙara fushi. Na sauka da fitila na duba hannayenta. Yatsan tsakiya na hannun dama guntu ne, gaɓar ƙarshe ta farar ƙasa ce aka ƙara. Ya karye tun da daɗewa. Ina zaton wani ya taɓa liƙa ɗan a cinyarta, da aka zo ɗagawa kan yatsan ya tafi da shi. Ka duba haƙarƙarinsa na hagu. Idan yana nan, babu farfesan da zai sake buɗe baki. Ka nuna wa Daktan. Wataƙila in sun ga darajarsa su tausaya su bar muku shi.

Ita ma ta Monteraso ce, Baffa. Ba ta da kowa a nan sai ni.

Delfina

*

Monteraso, 20 ga Disamba, 1962

'Yata Delfina,

Gaisuwa. Kowa lafiya, Duilio ya fara dariya, da ni ya fara, duk abin da Iolanda za ta gaya miki. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Wasiƙarki ta zo ana gobe Dakta zai zo. Na san wurin da kike nufi tun kafin in gama layin. Akwai wani ƙullutu a gefensa na hagu, mata na ce masa ƙurji, kowa na bi ta kansa da burushi. Na jira Zelinda ta tafi wanki, Iolanda ta shiga kicin, na ɗauke shi na kai rumfar bayan gida inda rana ke faɗowa. Na sa wuƙar dashe na fara kankara.

Delfina, fentin ya kai kaurin ɗan yatsana. Na wuce ruwan hoda na gidan da ya fito, na wuce shuɗi, na wuce baƙi-baƙin shekarun yaƙi lokacin da babu fenti sai na motocin soja, na wuce wani kore da na gane na ƙofar mahaifinki ne. Garin nan gaba ɗaya na bi na wuce da bakin wuƙa. Sai wuƙar ta yi wata ƙara da na sani. Na hura ƙurar.

Farce ne. Kan yatsa ne na mace, da farcensa, har da 'yar tattarar fata a gindin farcen. Ya ɗan nutsa cikin naman yaron, yadda yatsa ke nutsawa in uwa ta riƙe da gaske. Yumɓun ja ne mai laushi, ba irin na raminmu ba. Shekara hamsin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin hannun da ya kai na mutumin da ya yi wannan ba. Na zauna a kan bokiti ina kallo har ƙafata ta mutu.

Daga nan na kwaɓa abin da muke liƙe gilashin taga da shi, na cike ramin, na shafe. Na ɗauko ragowar fentin da Osvaldo ya yi wa gadon jariri, na yi masa shafi biyu masu kauri, na ja masa jan baki da baƙar gira kamar ɗan wasan kasuwa. Na kai shi kusa da matoya ya bushe. Da Zelinda ta dawo ta gan shi sai ta yi alamar gicciye ta ce, “Wannan ko uwarsa ba za ta karɓe shi ba.” Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Dakta Anselmi ya zo da hantsi, siririn mutum mai mura, takalminsa duk laka. Rabin gari na tsakar gidanmu, wai kowa ya zo aron gishiri. Ya ɗaga Ɗan Yumɓu, ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da zobensa. Fenti ya shanye ƙarar, sai wani dum kamar kabewa. Ya ce, “Saboda wannan aka taso ni tun daga Firenze?”

Fada ya ce, “Mutanen Amurka ne, Dakta.”

Ya ce, “'Yar tsanar farar ƙasa ce, irin wadda ake zubawa a mazubi ɗari ɗari. Kakata tana da irinta a kan kabad.” Sai ya juyo gare ni. “Kai ne mai wasiƙar? An ce maginin tukwane ne kai. Me ka gani?”

'Yata, yatsansa na kan wurin. Daidai kan wurin, kwaɓin ma bai gama tauri ba. Ina so in ƙwace wuƙa in nuna wa wannan mai mura abin da kakarsa ba ta taɓa ajiyewa a kan kabad ba. Na ɗaga ido, Nerina na bakin ƙofa ta dafa bango.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni randa nake yi. Labarin kuma tsohuwata ce ta ba ni, ita kuwa ta iya ƙari.”

Aka yi dariya. Na sa an yi wa uwata dariya a tsakar gidanta. Ya rubuta layi uku a littafinsa, ko hoto bai ɗauka ba, ya sha kofi ya tafi. Da yamma Remigio ya sumbace ni a goshi a gaban kowa, Gaspero ya ce Farfesa ya ci jarrabawa. Ban ji daɗin giyar ba.

Babu wanda ya san abin da na gani, ko Zelinda. Ke kaɗai. Gaskiyarki ne, ita ce, ba jabu ba ce, kuma ba zan ba ki shaida ba. Na san wannan takardar ma shaida ce. Na yi tunanin kada in rubuta, amma ba zan iya barin ki kina zaton idonki ya yi miki ƙarya ba. Ga ta a hannunki, da sa hannuna a ƙasa. In kin kai wa Mista, mota za ta zo kafin Nerina ta haihu ko bayan ta haihu. Ba ni da yadda zan hana ki daga nan.

Wannan ta jirgin sama na aiko.

Baffanki Amilcare Taddei

*

9 ga Janairu, 1963

Baffa,

Ina gaishe ka da sabuwar shekara. Lafiyata lau, sai rashin sukuni.

Rahoton Firenze ya riga wasiƙarka isowa da kwana biyu. Mista Whitcomb ya kira ni ofis ya miƙo mini, ya ce, “Ba komai, kowa yana son labarin garinsu ya zama gaskiya.” Da murmushi ya faɗa, ya fi zagi ciwo. Ya ce in buga mata sabon kati kafin zaman kwamiti.

Sai taka ta zo. Kwana goma tana cikin jakata. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ofishinsa da ita. Ran nan har na ƙwanƙwasa, da ya ce in shigo sai na tambaye shi ko yana son a sake ribon tawada na na'urar buga rubutu.

Ga ta nan na mayar maka cikin wannan ambulan. Ban kwafa ba, ban fassara wa kowa ba. Ka sa ta a matoya. Kada ta sake kwana a ƙasar nan, don ban amince da kaina ba.

Na buga katin. Maƙeri: ba a sani ba. Zamani: ana shakka. Da yatsuna na buga wannan, ina sane. Abu ɗaya na roƙa aka ba ni, an cire mata littafin, tunda kowa ya yarda ba nata ba ne. Wata makarantar 'yan mata ta masu zaman zuhudu a bayan gari ta ce za ta karɓe ta in kwamiti ya sake ta, su ba ruwansu da wanda ya yi ta. Har a ɗauke ta tana nan ƙasa. Babu taga, tunda ka tambaya.

Ban gama yafe maka ba, Baffa, kuma na san kai ma ba ka gama yafe mini ba. Ka rubuto ka gaya mini yadda Nerina ta sauka.

'Yarka,
Delfina

*

Monteraso, 27 ga Janairu, 1963

'Yata Delfina,

Gaisuwa mai yawa. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya kwana huɗu, gwiwar Zelinda ta ce ita ta faɗa tun da wuri. Takardar ta iso, na yi da ita yadda kika ce, na tsaya har ta zama toka.

Nerina ta sauka ranar Talata da safe, a gida. Mace. Ta yi kukan da aka ji har maƙera, Remigio ya saki guduma a kan ƙafarsa, yanzu da sanda yake yawo yana gaya wa kowa bai ji zafi ba. Yau kwana biyar, tana tsotso, tana cika zane. Ban ce komai ba tukuna, ina dai ƙirga kwanaki kamar kowa.

Ni na kai mata Ɗan Yumɓu da kaina, cikin bargo, ina taka ƙanƙara a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ba na jin nauyinsa. Yanzu da na san abin da ke ciki, sai na ji ya yi nauyi. Nerina ta buɗe bargon ta ce, “Baba Amilcare, wa ya yi masa wannan gira?” Na ce wani ne da bai iya ba. Ta sa aka kwantar da shi ta gefen bango, ta ɗora hannu a kansa, ta yi barci muna tsaye.

Har yanzu ba na zama wuri ɗaya. Ina aiki sai in ga matar nan da hannuwa a buɗe. Ina da roƙo, kada ki yi mini dariya, ke mai ilimi. Kafin su ɗauke ta, ki sauka ƙasa lokacin da babu kowa, ki tsaya inda take kallo. Ki yi mata magana da harshenmu, ba na can ba. Ki ce mata yaron yana nan lafiya, bai taɓa kwana shi kaɗai ba, kuma ya yi ƙiba.

Baffanki,
Amilcare